Yi wa Waya Rutin ko Barinta Yadda Ta Zo

Wanda ya yi wa wayarsa ta Android rutin, wato ya karɓe cikakken iko da tsarinta, ya zama mai gida: ya goge manhajojin da kamfani ya cusa masa, ya toshe tallace-tallace. Sai dai buɗe makullin da kamfani ya sa wa tsarin wayar (bootloader), wanda shi ne matakin farko na rutin, yana share komai, har hotunan biki. A Samsung kuwa, Secure Folder, wato ma'ajiyar sirri ta cikin wayar, ya tafi ke nan har abada. Manhajar banki ma tana iya ƙin buɗewa, kana tsaye gaban mai shago da kaya a hannu.

Wanda ya bar tasa yadda ta zo sai haƙuri da tarkacen kamfani, amma sabuntawar tsaro na shigo masa ba wahala. Ni dai tsohuwar wayar da ke durowa nake wa rutin, ban da wadda nake tura kuɗi da ita.