Yini Guda a Tsibirin Gore: Jirgin da Za a Hau da Abin da Za a Tarar

Gore ɗan tsibiri ne da ke gaban tashar jiragen ruwa ta Dakar, babban birnin Senegal, tazarar kamar kilomita 3 cikin teku. Tsawonsa wajen mita 900, faɗinsa mita 300 da 'yan kai, mazaunansa ba su kai 2,000 ba, kuma babu mota a cikinsa. Duk wanda hutu ko fatauci ya kai shi Dakar, ya ware masa yini guda, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Sai dai shirun nan da ake yabon tsibirin da shi yana da lokacinsa. Wanda ya bi ayarin masu yawon buɗe ido na hantsi, ya koma da azahar, cunkoso kawai zai gani.

Jirgin da ke jigila, wanda mutanen gari ke kira shalup, yana tashi ne daga tashar fasinja ta cikin garin Dakar, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Tafiyar minti 20 ce. Ana tashi tun da sassafe har dare, tsakanin jirgi da jirgi awa ɗaya zuwa biyu, kuma jadawalin Lahadi da ranakun hutu ya bambanta da na sauran ranaku. Tikitin na zuwa da dawowa ne, kuɗinsa hawa uku: na 'yan ƙasa, na mazauna sauran ƙasashen Afirka, da na baƙi daga wajen nahiyar. An yi shekara da shekaru ana karɓar sefa 1,500 da 2,700 da 5,200 a jere, amma a duba allon da ke wurin sayarwa domin farashi kan motsa. Nan ne kuskuren farko ke faruwa: mutum ya bar fasfonsa a otal saboda tsoron ɓata. Ana neman takardar shaida a ƙofa, kuma ita ce za ta tabbatar da cewa ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana ya cancanci farashin Afirka. A iso minti 30 kafin tashi, don akwai layin tikiti, sannan akwai na bincike. Idan an sauka a tsibirin kuma akwai ɗan harajin ƙaramar hukuma da baƙi ke biya, an saba karɓar sefa 500. A karɓi rasit a riƙe.

Jirgin kansa ba shi da wani ƙawa, amma yana aikinsa. Ba na 'yan yawon buɗe ido kaɗai ba ne, shi ne motar hayar mutanen tsibirin, don haka za a ga 'yan makaranta, da ma'aikata, da kayan cefane. Wanda kansa ke juyawa a ruwa ya zauna ƙasa wajen tsakiya, ya kuma guji cika ciki kafin hawa. Wanda ke son kallo ya hau sama, ya riƙe hularsa da kyau saboda iska. Tun a cikin jirgi mata 'yan kasuwa za su zo su gaisa, kowace ta faɗi sunanta, ta tambayi naka, ta ce ka tuna da ita idan ka zo wajen rumfarta. Ba su mantuwa. Idan ba ka da niyyar saye, kada ka ce "to, zan zo", domin alkawari za su ɗauke shi, kuma bayan awa huɗu za ka ji an kira sunanka daga wani lungu. Sallama da murmushi da "jerejef", wato na gode da harshen Wolof, sun wadatar.

Jirgin da ya fi dacewa shi ne na kafin ƙarfe 9 na safe. A wannan lokacin lungunan na mutanensu ne: ana shara, ana shanya, yara na tafiya makaranta. Hanyoyin yashi ne da dutse, gidajen kuma jajaye da rawaya da ruwan ƙasa, da tagogin katako, furanni sun zubo ta saman katanga. Ba ƙarar inji, sai ruwa na dukan baƙin dutsen gaɓa. Daga ƙarfe 10 zuwa 11 manyan ayari ke sauka, kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke nufa.

Wurin shi ne Gidan Bayi, wanda ya sa sunan Gore ya zaga duniya, har hukumar UNESCO ta saka tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Ginin na ƙarshen ƙarni na 18 ne, aka mayar da shi gidan tarihi a 1962, kuma Boubacar Joseph Ndiaye ne ya riƙe shi har rasuwarsa a 2009. Da shiga tsakar gida za ka ga matakala biyu sun lanƙwasa sun haɗu a bene, inda masu cinikin bayi suke zama a wancan zamani. A tsakaninsu akwai wani siririn lungu mai duhu da ya miƙe har zuwa wata ƙofa da ta buɗe kai tsaye kan teku, ita ake kira ƙofar tafiyar da ba dawowa. Ɗakunan ƙasa ƙanana ne, an rubuta a kan kowanne: na maza, na mata, na 'yan mata, na yara. A ƙarƙashin matakalar akwai wasu ramuka da babba ba zai iya miƙewa tsaye a ciki ba, masu bayani suna cewa nan ake kulle masu taurin kai. Nelson Mandela ya zo nan, Paparoma John Paul na Biyu ya zo a 1992, Barack Obama a 2013. Masana tarihi sun yi saɓani sosai kan yawan bayin da suka bi ta wannan gida, da yawansu suna ganin adadin miliyoyin da ake faɗa ya zarce gaskiya nesa ba kusa ba, domin akwai tashoshin da suka fi Gore girma a wannan mugun ciniki. Wannan bai rage wa wurin nauyi ba. An tsare mutane a tsibirin, an sayar da su, kuma tsayawa a waccan ƙofa na sanyaya jiki. Abin takaicin shi ne idan taro ya cika, sai wurin ya koma layin ɗaukar hoto. A shiga da zarar an buɗe, ko a bari sai yamma. Ana rufe gidan ranar Litinin, kuma yakan tafi hutun tsakar rana, saboda haka wanda ya hau jirgin sha biyu da rabi zai iya tarar da ƙofa a rufe ya yi ta jira.

Batun 'yan rakiya: suna tarye tun daga bakin gadar da jirgi ke tsayawa. Wanda ba ya jin Faransanci zai amfana da mai jin Turanci, amma a nemi ganin katinsa, a yanke kuɗi da tsawon zagaye kafin a ɗaga ƙafa, a kuma fayyace ko kuɗin shiga gidajen tarihi na ciki. Rigima kan taso ne idan an bar magana sai ƙarshe. Ɓata hanya kam ba ta taso ba, tsibirin ya yi ƙanƙanta.

A arewacin tsibirin akwai zagayayyen sansanin soja na Fort d'Estrées, ginin shekarun 1850, yanzu gidan tarihin Senegal ne. Kayan cikin sun tsufa kuma bayanan da Faransanci suke, amma samansa na ba da kallon Dakar mai kyau. Ga mutanen Nijar akwai ginin da bai kamata a wuce ba: tsohuwar makarantar horon malamai ta William Ponty, wadda ta zauna a Gore daga 1913 har ƙarshen shekarun 1930. Boubou Hama da Diori Hamani sun yi karatu a cikinta, haka ma Félix Houphouët-Boigny da Modibo Keïta, shugabannin farko na Kwaddibuwa da Mali. A tsibirin nan kuma aka haifi ɗan siyasar Senegal Blaise Diagne a 1872, wanda filin jirgin saman Dakar na yanzu ke ɗauke da sunansa.

Kudu kuma tudun Kastel ne. Hawansa minti 10 zuwa 15 ne, ta wata hanya mai itatuwan kuka da masu zane suka rataye ayyukansu a gefe da gefe. A sama akwai manyan igwa da Faransawa suka bari, da ramukan soja da wasu masu sana'ar hannu suka mayar shaguna. A tsaya a ga masu zanen yashi: mutum ya shafa gam a allo da buroshi, ya barbaɗa yashi launi-launi, ya karkaɗe, sai hoto ya fito cikin minti biyu. A gindin tudun, daf da ruwa, akwai masallacin dutse na ƙarshen ƙarni na 19, yana daga cikin mafi tsufa a ƙasar. Azahar da la'asar ba za su gagara ba.

Abinci yana nan a jere a bakin gada, kusa da 'yar gaɓar yashi inda ake wanka. Cebujen, shinkafa da kifi, da yasa mai albasa da lemon tsami, su ne abin dogaro. A sha da bisap, wato zoɓonmu, ko bui, wanda ake yi da garin 'ya'yan kuka. Farashi ya fi na cikin Dakar, domin komai ta jirgi ake kawo shi, kuma tsakanin ƙarfe 1 da 2 ana daɗewa kafin a kawo abinci. A tambayi kuɗin kifi kafin a gasa. A riƙe tsabar kuɗi da ƙananan canji, sefar ita ce dai irin ta Nijar. A ɗauki ruwan sha aƙalla lita 1 da rabi kowane mutum, da hula ko mayafi, da takalmi mara tsini. Yashi da dutse ba sa shiri da dogon dunduniya, keken jariri ma wahala yake sha.

Daga Nuwamba zuwa Mayu ne lokacin da ya fi daɗi, ba ruwan sama kuma akwai iska mai sanyi, ko da yake hazo kan rufe kallon Dakar wasu ranaku. Asabar da Lahadi, musamman lokacin zafi, matasan birni na cika gaɓar wanka. Talata zuwa Alhamis sun fi kwanciyar hankali.

Bayan la'asar ayarin sun watse, tsibirin ya sake komawa hannun masu shi, yara na ƙwallo a fili, dattawa na shan shayi a inuwa. Wannan awa biyun ita ce mafi daɗin yinin. Tun da aka sauka da safe a ɗauki hoton jadawalin komawa da ke bakin gada, domin da yamma tazarar jirage kan ƙaru. A tsaya a layi minti 20 kafin lokaci, kuma idan an sauka Dakar a yi cinikin tasi kafin a shiga, don ba a amfani da mita.