Tiren Sallah maras sukari na wani shago a Yantala: abin da ya yi daidai da abin da zafi ke ɓatawa

Abin da aka saba ajiye wa masu zuwa barka da Sallah a gidajen Yamai sananne ne: cincin, dubulan, biskit, alawa da lemun kwalba, kusan duka sukari ne da mai. Wani ƙaramin shago a unguwar Yantala, da wasu mata ke riƙe da shi, yana haɗa tire na daban, wanda suka ce babu sukarin da aka zuba masa kuma babu abin da ya hau wuta. Ana yin oda ta WhatsApp kwana biyu kafin ranar, ɗan saƙo ya kawo a babur. Tiren mutum goma yana zuwa da dunƙulen dabino da aya, dabino cushe da cuku ko yazawa, busasshen mangwaro, alawar kwakwa, da gora biyu na kunun aya.

Dunƙulen dabino da aya shi ne uban tafiyar, kuma shi ya cancanci kuɗin. Girman kowane kamar ƙwan zabo ƙarami, nauyinsa wajen giram 20, an mirgina shi a cikin wankakken farin riɗi. Idan ka gutsura ba ya maƙale wa haƙori, ba ya kuma wargajewa a hannu, kuma wannan daidaiton ne ke gagarar yawancin masu gwadawa a gida. Sirrin yana wurin haɗa dabino iri biyu. Busasshen dabino mai tauri irin na Kawar da Bilma, a arewa maso gabashin Nijar, yana ba da jiki, amma shi kaɗai gari-gari yake fitowa. Mai laushi irin wanda ke shigowa daga Aljeriya shi ke riƙe haɗin, amma in ya yi yawa sai abin ya zama kamar danƙo. Kashi biyu na busasshe, kashi ɗaya na mai laushi, shi ne ke ba da irin wannan sakamako.

Ga mai son auna aikin nasu da ma'auni: rabin kilo na dabinon da aka cire wa ƙwallo yana ɗaukar giram 250 na garin aya, babban cokali biyu na garin ƴaƴan kuka, ɗan garin citta da gishiri ɗan kaɗan. Busasshen dabinon kaɗai ake jiƙawa, a ruwa mai ɗumi, minti 20 zuwa 30, a tsane shi sosai a kwando kafin ya shiga turmi. Wanda ya bar shi ya kwana a ruwa zai samu caɓi, kuma kafin kwana biyu zai fara warin tsami, domin ruwa da zaƙi da zafi su ne abincin ruɓewa. Ita kuma aya, busasshiya ake so, don ta fi ɗanya zaƙi. Sai an rairaye ta saboda tsakuwa, a shanya ta bushe ƙarau, a niƙa, a tankaɗe sau biyu. A nan shagon ya nuna ya san aikinsa: babu dusar nan mai tsayawa a maƙogwaro ta sa baƙo tari, kuma ko tsakuwa ɗaya ba ta haɗu da haƙori ba. Garin kukar ma dabara ce mai kyau. Ɗan tsaminsa yana karya zaƙin dabino, shi ya sa mutum ke iya cin biyu bai gundura ba, ga shi kuma yana shanye sauran laimar da ta rage.

Sai dai akwai maganar da ya kamata a ce an rubuta ta a jikin robar da ake kawo kayan a ciki, ba a rubuta ba. “Ba sukari” a nan yana nufin ba a ƙara na kanti ba ne kawai. Busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, don haka dunƙule ɗaya na giram 20 yana ɗauke da abin da ya kai kusan ƙaramin cokali biyu. Ya fi alawa, babu shakka, tunda yana tafe da harza da man aya da na riɗi masu rage saurin shigarsa jini. Amma dattijon da ke fama da ciwon sukari, in aka miƙa masa tire aka ce “Baba, ci abinka, babu sukari”, ya cinye biyar, an cuce shi ba da niyya ba. Ɗaya ya isa, bayan abinci, kuma ba tare da kunun aya a zama ɗaya ba. Abin yabo shi ne ba sa zuba zuma don ƙarin zaƙi kamar yadda wasu ke yi. Zuma ma sukari ce, sannan ba a ba wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, alhali ranar Sallah yara ne ke cika gida.

Dabino cushe da cuku abu ne da mutumin Tawa ko Abalak zai gane tun daga ƙamshi, don haɗa dabino da cuku tsohuwar al'ada ce a arewa, inda Buzaye ke daka su da gero su dama. Sun zaɓi dabino mai laushi, sun tsaga kowane ɗaya a gefe, kuma da alama suna duba cikinsa, wanda wajibi ne: ƙwaro yana ɓuya ne daidai wurin ƙwallon, daga waje ba a ganin komai. Cukun ɗan siriri ne, yana ƙaras a baki. Tunda da ɗanyen nono aka saba yin cuku, mai juna biyu gara ta ɗauki na yazawa. Ita yazawar kuwa, a faɗi gaskiya, ba ɗanya ba ce. Ɓawonta yana da wani mai da ke ƙona fata, dole sai an turara ko an gasa kafin a fasa. Wannan bai rage mata komai ba, kawai dai kada a ce duk tiren bai ga wuta ba. Gara ita da ɗanyar gyaɗa, wadda ba ta da daɗin ci kuma in ta sha laima a ajiya takan yi fumfuna mai guba ga hanta. Kada a miƙa wa yaro ƙasa da shekara biyar yazawa guda, tana iya sarƙe shi.

Busasshen mangwaron ba laifi. An yanka shi kauri ɗaya, kamar rabin santimita, an shafa ruwan lemun tsami shi ya sa bai yi baƙi ba, kuma babu ƙura a jikinsa, alamar an rufe shi da raga lokacin shanya.

Alawar kwakwa ce ta ba da kunya. Da ɗanyar kwakwa gurzajjiya suka yi ta, suka haɗa da dabino suka yanka murabba'i. Tana da daɗi in ta fito daga firiji, amma man kwakwa yana narkewa tun zafi bai wuce digiri 25 ba, ga Yamai kuwa a watannin Afrilu da Mayu tana haura 40. Kafin baƙi na biyu su tashi ta saki mai, ta jiƙe takardar da ke ƙasa, washegari kuma ta fara ɗanɗanon sabulu, wanda shi ne alamar man ya lalace. Da sun shanya kwakwar kwana ɗaya ta bushe kafin haɗawa, da ta ƙara kwana. Da ma garin magarya suka sa a madadinta, tunda namu ne, yana da zaƙi da ɗan tsami, kuma ba ruwansa da zafi. Mai oda zai iya cewa a cire kwakwar a ƙara masa dunƙule.

Kunun ayar mai kauri ne, an tace shi da ƙyalle mai laushi, ba ya barin gari a ƙasan kofi. Rabin kilo na aya da aka jiƙa awa 12, dabino 10 zuwa 12, citta da kanumfari kaɗan, a ruwa lita biyu, shi ke ba da wannan kaurin. Matsalarsa ɗaya ce da ta kowane kunun aya: ba a dafa shi ba, don haka a waje ƴan awoyi ne ya yi tsami, a firiji kuma kwana biyu, in ya yi nisa uku. Suna kawo shi da ƙanƙara a jiki, wanda ya kyautu. In gorar ta kumbura ko ta yi huci da aka buɗe murfi, a zubar, kada a ce za a gyara da ƙanƙara. A unguwar da wuta ke yawan ɗaukewa, a karɓe shi da safiyar ranar da za a sha.

Kuɗin tiren ya fi na cincin mai nauyi ɗaya nesa ba kusa ba, kuma da dalili: dabino da cuku ba fulawa ba ne. Abin da ya rage su gyara shi ne marufi. Robar mai murfi ce da ke rufewa ruf, tana fitowa daga sanyi ta hau babur cikin rana sai ta yi gumi a ciki, riɗin ya jiƙe. Babu kwanan watan da aka haɗa, babu jerin abin da ke ciki, alhali akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar yazawa ko riɗi. Da ya iso, a buɗe murfin, a juye a faranti mai faɗi a sa a firiji, a riƙa fitar da na mutum uku ko huɗu a lokaci guda. Dunƙulen yana kai mako guda a haka. A Babbar Sallah ya fi dacewa da rana ta biyu, lokacin da ake rabon naman layya mutane na shiga suna fita: bayan gasasshen nama da yaji, dunƙule mai tsamin kuka da kofin shayi maras sukari sun fi lemun kwalba kwanciya a ciki.