Hive, Steemit ko Blurt: wanne marubuci zai shiga?

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Jos ya same ni a shago a Terminus, ya miƙo mini wayarsa. "Yaya, an ce akwai dandalin da ake biyan mutum in ya yi rubutu. Wanne zan buɗe?" Na ce ya ja kujera, don amsar ba ta tsaye ba ce.

Dandali uku ne, Hive, Steemit da Blurt, kuma duka ukun uwa ɗaya ce ta haife su. Steemit ne babba, Ned Scott da Dan Larimer suka kafa shi a 2016. A Fabrairun 2020 Justin Sun, wanda ya kafa tsarin kuɗin kirifto na Tron, ya sayi kamfanin, rigima ta ɓarke kan wa zai riƙe ragamar bulokchen ɗinsa mai suna Steem, wato rumbun bayanan intanet da ake ajiye rubutu da lissafin kuɗi a cikinsa, sai masu tafiyar da shi da yawa suka ɓalle suka kafa Hive ranar 20 ga Maris na shekarar. Blurt ma a 2020 ya fito daga Steem. Shi ya sa tsarin ya yi kama: ka wallafa rubutu, masu jari su kaɗa masa ƙuri'a, bayan kwana 7 a raba lada tsakaninka da su. Nauyin ƙuri'a kuwa ya danganta da yawan kuɗin kirifto da mutum ya kulle a asusunsa. Ƙuri'ar sabon shiga ko kuɗin data ba za ta biya ba.

A nan ne yawanci ake gudu. Na ga samari sun shiga da zafinsu, sun yi rubutu uku, ba wanda ya leƙa, sun tattara sun koma Facebook inda aƙalla abokai za su ce "Allah ya ƙara basira". Don haka abin da na fara dubawa ba farashin kuɗinsu ba ne. Tambayar ita ce: a makonka na farko, wa zai karɓi baƙuncinka?

Steemit ya fi kowa tsara wannan. Yana da zauren sababbin shiga, inda za ka gabatar da kanka da hoto riƙe da takarda mai sunanka da kwanan wata, sannan ka bi wasu ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Amma manyan ƙuri'u suna hannun asusun da kamfanin ke juyawa, kuma an daɗe ana ƙarfafa marubuta su mayar da rabin abin da suka samu ko fiye cikin jari kafin a dube su. Ga mai neman na cefane, wannan takura ce. Sauƙinsa ɗaya: in ka so fitar da jarin da ka kulle, mako 4 ne.

Hive ba shi da kamfani ɗaya a kansa. Shaidu, wato masu kula da kwamfutocin bulokchen ɗin da masu jari suka zaɓa, su ne ke tafiyar da shi. Ƙofofin shiga suna da yawa: PeakD a kwamfuta, Ecency a waya, 3Speak ga masu bidiyo. Ana iya biyan wani ɓangare na ladan marubuci da HBD, kuɗin da aka tsara ya tsaya kusa da dala ɗaya, wanda ke rage fargabar wayewar gari a ga farashi ya faɗi. Fitar da jari kuwa mako 13 yake ɗauka. Akwai kuma ƙuri'ar ragewa: wanda ya kwafo rubutun wani, ko ya bar na'ura ta rubuta masa, zai iya ganin ladansa ya koma sifili. Wani lokaci har mai gaskiya takan shafa in ya taka ƙafar wani babba, kuma ba ofishin da zai kai ƙara. Duk da haka nan na fi so, saboda zaurukan da ake hira da gaske. Wata maƙwabciyarmu a Unguwar Rogo ta ɗauki hotunan kwandunan tumatir da buhunan dankalin turawa a kasuwar Farin Gada da sassafe, hazo bai washe ba, ta rubuta yadda ake ciniki. Mutane daga ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba suka yi ta tambayarta yadda ake soya awara. Ladan bai taka kara ya karya ba, amma tambayoyin ne suka sa ta sake rubutu washegari.

Blurt ya cire ƙuri'ar ragewa gaba ɗaya, sai dai kowane motsi da ɗan kuɗin da za a cire maka, kuma jama'arsa ba su kai na sauran ba. Wanda ya gaji da faɗa zai huta a can.

Sai batun mayar da kuɗin naira, wanda mutane ke mantawa sai lada ya taru. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disambar 2023, sannan kasuwar kirifto ta Binance ta daina mu'amala da naira a Maris 2024. Kafin ka zuba wata guda kana rubutu, ka nemi wanda ya taɓa fitar da kuɗi daga dandalin ya nuna maka hanyar da ido.

Makullai kuma, wato lambobin sirrin asusunka, ba wasa ba ne. Ana ba ka su ne ranar buɗe asusu, kuma ba wanda zai sake aiko maka da su in sun ɓata. Ni a littafi na rubuta nawa na sa a akwati, tun ranar da wayata ta faɗa ruwa. Abin da ka wallafa ma ba ya gogewa daga bulokchen, ko ka gyara shi daga baya.

Wani abu da zan faɗa ba ɓoye-ɓoye: masu manyan ƙuri'u ba sa jin Hausa. Ka yi rubutunka da Hausa in ka so, amma ka haɗa da fassarar Turanci a ƙasa.

Ƙanena dai Ecency ya saukar. Na ara masa ɗan ƙarfin asusuna, wanda jarin da na kulle ke ba ni, don ya iya yin sharhi ba tare da an tsayar da shi ba, na ce ya fara da karanta na mutane yana ba su amsa har mako guda. Ya ce, "To Yaya, kuɗin fa?" Na ce ya fara kawo littafin da zai rubuta makullansa.