Zangon motocin kwana a Yuma: wurin kuɗi ko filin Allah?

Wanda yake so ya kai iyali garin Yuma na Amurka da motar kwana, wato motar da ake kwana a cikinta, ya je tsakanin Nuwamba da Maris, kuma kafin ya biya ko sisi ya buga wa zangon waya ya tambaya ko suna karɓar yara. Waɗannan biyun su ne kan gaba, sauran duk bayani ne.

Mu a Janairun 2023 muka je, lokacin da mahaifina ya zo mana ziyara Finiks, babban birnin jihar Arizona, daga Kura. Baba manomin rani ne tun ina yaro, kuma zaman gida a Amurka ya ishe shi: ba maƙwabcin da zai leƙo, ba gona, sai talabijin. Na ɗauki hayar irin motar nan da ake kira RV, mai gado da murhu da banɗaki a ciki, muka kama hanya mu shida, da uwargida da yara uku. Tafiyar kusan kilomita 300 ce, ka bi ta Gila Bend ka hau babbar hanya mai lamba 8 ka miƙe yamma. A ƙaramar mota awa uku ne, amma wannan ƙatuwar ba ta son gudu, ga shan mai, ga iska tana tura ta gefe duk lokacin da tirela ta wuce.

Yuma tana can kusurwar jihar Arizona, inda ta haɗu da Kalifoniya da ƙasar Meziko, a bakin kogin Kolorado. Rana tana haskawa a garin sama da awa 4,000 a shekara, shi ya sa littafin Guinness ya ba shi kambun wurin da ya fi ko'ina samun hasken rana a duniya. Da bazara ba a zama: a Yulin 1995 zafi ya kai digiri 51. Da hunturu kuwa rana tana tsayawa wajen digiri 20, sai tsofaffi daga Kanada da jihohin arewa su kwararo da motocinsu, su zauna har dusar ƙanƙara ta narke a garuruwansu. Da na yi wa Baba bayani sai ya ce, “To ai 'yan cirani ne, sai dai su ba neman kuɗi ya kawo su ba, kashewa suka zo yi.”

Waɗannan tsofaffi su ne kasuwar, don haka zanguna da yawa na 'yan shekara 55 zuwa sama ne kawai. Dokar Amurka ta yarda da hakan. Na buga wurare da dama ina cewa ai muna da dattijo mai shekara saba'in, a ce mini madalla, yaran fa? Daga nan magana ta mutu. Da ƙyar na samu wani zango mai karɓar iyali, ba nisa da kogi, a kan kusan dala 50 kowane dare. Ba zan kama sunansa ba, don akwai abin yabo akwai na ƙorafi, kuma na lura irinsa suna da yawa.

Abin yabo tukuna. Wurin fes yake. Kowace mota da filinta na tsakuwa, da ɗan dandamalin siminti, da wani gajeren turke mai ɗauke da soket ɗin wuta da famfo, sai bakin bututun ƙazanta a ƙasa. Matar da ke ofis ta tambaye ni wutar motata amfiya 30 ce ko 50, na tsaya ina kallonta, sai ta fito da kanta ta leƙa filogin ta ce 30 ce. Wani dattijo ɗan Alberta ta Kanada da ke maƙwabtaka da mu, yana ganin yadda nake juya tiyo ya san baƙo ne ni. Ya sa safar hannu ya zo ya nuna mini: tankin bayan gida ake fara buɗewa, in ya gama zuba a rufe, sannan a buɗe na ruwan wanka da wanke-wanke don ya ɗauraye tiyon. Ya kuma ce kada in bar na bayan gida a buɗe dare da rana, ruwan zai tsiyaye ya bar tudu a ciki. Kamfanin hayar bai gaya mini wannan ba, kuma ya fi duk takardun da suka ba ni amfani.

Akwai ɗakin wanki mai injinan da ake jefa wa tsabar kuɗi, da banɗakuna masu ruwan zafi wanda ba ya yankewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin banɗakin cikin mota ba ya ɗaukar alwalar babban mutum. In ka ɗaga ƙafa gwiwarka ta bugi ƙofa. Baba ya gwada sau ɗaya ya haƙura, ya koma tsugunawa da butarsa a kan tsakuwa a bayan mota, kuma babu wanda ya ce masa kanzil. Alƙibla ce ta ɗaure masa kai. Daga Arizona tana arewa maso gabas, har ta fi karkata arewa, shi kuwa duk rayuwarsa gabas ya sani. Sai da na nuna masa a waya biyu daban-daban kafin ya shimfiɗa darduma, yana ƙunƙuni.

Ƙorafin kuma ga shi. A hoton intanet ka ga kogi da itatuwa, ka zo ka tarar layin gaba ne kawai ke ganin ruwa, kuma masu zaman wata huɗu sun kama shi tun bara. Mu katanga muka samu da bayan motar wani. Tsakaninka da maƙwabci taku kaɗan ne, kana jin tarinsa yana jin kukan ɗanka. Intanet ɗin da suka ce kyauta ne, da magariba ta yi kowa ya kunna, shi ke nan ya mutu. Wurin ninƙaya an ware wa yara awa biyu kacal a yini, sauran na manya ne, abin da ba a faɗa mini a waya ba. Ƙarfe goma na dare kowa ya yi tsit, wannan doka ce, amma jirgin ƙasan kaya da ke ratsa garin ba ya bin dokar kowa, da rana kuma jiragen yaƙi na sansanin sojan ruwa da ke Yuma suna ta atisaye. Ga karnuka. Kusan kowace mota da ɗan karenta, a ɗaure dai suke, masu su kuma suna kwashe kashin, amma mai kula da tsarkin tufafi sai ya riƙa taka-tsantsan, don ba su ga laifin kare ya shinshina ƙafar wandonka ba.

Ruwan famfon akwai gishiri-gishiri, shayi ba ya daɗi da shi. Kowa jarka yake ɗauka ya je rumfunan sayar da tataccen ruwa da ke bakin titi, ya jefa tsaba ya cika. Nama kuwa mun taho da namu na halal daga Finiks a cikin firij ɗin motar, kuma haka nake ba kowa shawara. Maƙwabta sun gayyace mu cin abincin haɗaka da suke yi a zauren zangon, kowa ya kawo kwanonsa. Mutanen kirki ne ƙwarai, sai dai rabin teburin naman alade ne da giya. Uwargida ta kai dafa-duka, aka cinye tas, mu kuma muka tsaya a kan salak da burodi.

Salak ɗin ma ai a gidansa muke. Wajen kashi 90 cikin ɗari na ganyen da Amurkawa ke ci da hunturu daga wannan yanki yake fitowa, kuma a nan ne tafiyar ta biya kuɗinta. Da asuba fararen bas-bas suke wucewa cike da leburori, da yawansu daga San Luis ta Meziko suke tsallako iyaka kullum, kowace bas tana jan banɗakin tafi-da-gidanka a baya. Baba ya sa na tsaya a gefen wata gona. Ya daɗe yana kallon kunyoyin, miƙaƙƙu har iyakar ganinka, ƙasar a baje ba tudu ba kwari. Sai ya hango lanƙwasassun bututai an jera a bakin kwata suna zuƙo ruwa zuwa cikin kunya, ya yi dariya ya ce, “Kai, wannan ai namu ne na Kadawa.” Gaskiyarsa, da irinsu ake ban ruwa a gonakin da madatsar Tiga ke shayarwa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda ake yanke latas, a gyara, a sa a leda, a jera a kwali, duk a cikin gonar a kan wata doguwar na'ura mai tafiya a hankali, daga nan sai ɗakin sanyi. Ya yi shiru, sannan ya fara ba ni labarin kwandunan tumatir da ya taɓa zubarwa a Kwanar Gafan saboda babu mai saye.

Mun haura Bard, a ɓangaren Kalifoniya, inda gonakin dabinon Medjool suke. Asalin irin daga Maroko aka kawo shi Amurka a 1927, 'yan rassa 11 kacal. Kaka ta wuce tun watan Satumba, na kwali muka saya, manya-manya masu laushi, yara kuma suka sha dabinon da aka markaɗa da madara mai ƙanƙara. A cikin gari mun shiga tsohon kurkukun da aka buɗe a 1876 aka rufe a 1909, wanda fursunoni suka gina ɗakunan farko da hannunsu. Bayan rufe shi makarantar sakandaren garin ta zauna a ciki na wasu shekaru, har yau 'yan wasanta Criminals ake kiransu, wato masu laifi. Daga tudun kurkukun kana ganin gadar ƙarfe ta 1915 da kogin a ƙasa, ɗan siriri. A da jiragen ruwa masu tururi ne ke hawa da sauka a nan, yanzu madatsu sun raba ruwan ga gonaki.

Daga baya muka bar zangon kuɗi muka koma filin gwamnati da ke kusa da madatsar Imperial, wajen kilomita 30 arewa da gari, a ɓangaren Kalifoniya. Madatsar an kammala ta a 1938, daga nan babbar kwatar All-American take ɗaukar ruwa. Filin na BLM ne, hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayya, ana buɗe zaman dogon lokaci daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. A lokacin dala 40 ne izinin kwana 14, dala 180 na kakar gaba ɗaya, wato mako biyu bai kai kuɗin dare ɗaya na can ba. A duba farashin yanzu kafin a tashi. Babu turken wuta, sai janareta ko sola, amma akwai wurin ɗiban ruwa da na zubar da tanki da na shara. Ka zaɓi inda ka ga dama ka faka, maƙwabcinka yana can nesa. Yara suka samu filin gudu, jakunan jeji suna zagayawa da yamma, Baba yana ta mamakin jaki ba mai shi. Dare yana da sanyi sosai, gas ɗin ɗumama mota yana saurin ƙarewa, kuma ranar da iska ta taso ƙura ta shiga har cikin tukunya. A naɗe rumfar gefen mota kafin a kwanta, iska na iya karya ta. Agogon waya ma yana rikicewa, domin da hunturu Kalifoniya tana bayan Arizona da awa ɗaya, sai ka ga lokacin salla ya yi tsalle.

In zan koma, dare ɗaya zan yi a zangon kuɗi a farko don a saba da motar, ɗaya a ƙarshe don wanki da wanka, tsakiyar duk a Imperial. Mai jariri ko mara lafiyar da ke buƙatar wuta dare da rana, ya zauna a na kuɗin. Kowa kuma ya riƙe fasfo da takardun zamansa a kusa, musamman baƙon da ya zo da biza, saboda a hanyar komawa gabas akwai shingen jami'an iyaka, kuma sun tambaye mu namu.