Bota ko majarin a biskit ɗin dabino da gyaɗa?

Duk ƙaratowar biki sai an yi min wannan tambayar. Biskit ɗin nan irin shortbread ne, wato biskit mai yawan maiƙo ɗan asalin Sikotland, awonsa na gargajiya: sukari kashi 1, bota 2, fulawa 3. Maiƙo sulusin kwaɓin ke nan, ɗanɗanonsa ba ya ɓuya.

Bota akwai tsada, amma ƙamshinta daban ne, biskit ya riƙa narkewa a baki. Zafi ne ba ta so: kwaɓin sai ya saki, dole ya huta a firji kafin gashi. Majarin ya fi araha, ya fi jure zafi, kuma dabino da soyayyar gyaɗa suna rufa masa asiri. A dai guji mai laushin nan, ruwa ya masa yawa.

Mai faranti ɗaya don baƙi, ta sayi bota. Mai rabon maƙwabta ko sayarwa, majarin mai tauri ya wadatar.