ImageMagick ya rage mini wahalar yankan fasfo, amma ba ya tausayin mai koyo

Gaskiya ban taɓa zaton manhajar da ba ta da ko maɓalli ɗaya na dannawa za ta burge ni ba. ImageMagick, manhajar sarrafa hotuna, a baƙin allo ake aiki da shi, ka rubuta umarni ka danna Enter, shi ke nan. Kyauta ne, kuma tsoho ne sosai, John Cristy ya fara rubuta shi tun 1987 yana aiki a kamfanin DuPont. Ni dai abin da ya kai ni gare shi aiki ne ya sha mini kai.

Wata makarantar Islamiyya ce ta kawo wa shagona fom ɗin ɗalibai ɗaruruwa, a yi musu katin shaida. Kowane fom an manna fasfon yaro a sama ta hannun dama. Mun gama sikanin, saura a ciro hotunan. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san azabarsa: buɗe fayil, ja linzami, yanke, adana, rufe, buɗe na gaba, har wuyan hannu ya ƙage. Wani abokina mai harkar shafukan intanet ne ya ce in daina wahalar da kaina, tunda fom iri ɗaya ne, hoton ma wuri ɗaya yake zaune.

Takardar A4 idan an yi sikanin ta a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, tana fitowa ɗigo 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Fasfo mai milimita 35 da 45 kuma kusan 413 da 531 ne. Na auna inda kusurwar hoton ta fara, na rubuta:

magick fom.jpg -crop 413x531+1950+150 +repage hoto.jpg

Lambobi biyun farko girman abin da za a yanko ne, na ƙarshe kuma nisan da za a taho daga hagu da kuma daga sama. Kafin in ɗaga kai hoton ya fito, fuskar yaro tsaf da hularsa. Sai na buɗe sabuwar folda na sa mata suna yankakku, na ba mogrify, ɓangaren ImageMagick mai aiki a kan fayiloli da yawa lokaci ɗaya, umarni iri ɗaya tare da -path yankakku da *.jpg a ƙarshe. Wallahi ban gama amsa sallamar wani kwastoma ba ya cinye foldar gaba ɗaya. Aikin da na ware wa kwanaki! Na zauna ina gungura hotunan ina dariya ni kaɗai, har mai shagon kusa da ni ya leƙo ya ce lafiya? A ranar da an ce in ba da taurari, biyar zan bayar in nemi ƙari.

To amma fa abin nan bai san ya ce maka "ka tabbata?" ba. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya gwada a fom ɗaya, ya rubuta 413x531 bai sa +1950+150 ba. Maimakon ya ce masa akwai gyara, sai ya yayyanka takardar gaba ɗaya kamar ana rabon awara, fayil 49, daga hoto-0.jpg har hoto-48.jpg, wasu ma siririn layi ne kawai na gefen takarda. Wai haka aka tsara shi, idan ba ka faɗi wuri ba yana nufin ka ce a raba hoton gida-gida. Na yarda yana da amfani ga masu bukata, amma wa zai yi tunanin haka? Mafi muni shi ne mogrify: idan ba ka sa -path ba, a kan asalin fayilolin yake rubutawa, ba tambaya, ba komawa baya. Da fom ɗin mutane! Tun daga nan na hana yaron taɓa shi sai ya kwafi foldar tukuna.

Akwai kuma ruɗanin suna. Yawancin bayanan da ke intanet na tsohon zubi ne, na 6, suna cewa ka rubuta convert, alhali a na 7 magick ne. A Windows kuwa akwai wani convert na daban, mai sauya tsarin ajiyar faifan kwamfuta daga FAT zuwa NTFS, ka ga mai koyo sai ya yi ta samun saƙon da bai shafi hoto ba ko kaɗan.

Wasu fom ɗin da waya aka ɗauko su suka iso daga baya. A allo a tsaye suke, amma yankan sai ya faɗa wani gefe can daban, saboda waya kan ajiye hoton a kwance ta rubuta juyin a cikin EXIF, wato bayanan da ke ɓoye a cikin fayil ɗin hoton. Sai ka sa -auto-orient kafin -crop don ya miƙar da hoton tukuna. Ko da hakan ma bai fid da ni ba, don kowa da nisan da ya riƙe wayarsa, shi kuma lamba ya sani, bai san fuska ba. Haka waɗanda malamai suka manna fasfonsu a karkace, wani rabin kunne ya tafi, wata hijabinta kawai ya fito da sunan makaranta. Waɗannan da linzami na ƙarasa su ɗaya bayan ɗaya, na kuma roƙi shugaban makarantar baɗi a zana akwatin fasfo a jikin fom ɗin.