Yadda Na Gasa Ragon Layya da Shimfiɗar Dawaki a Teksas

Shekarata shida ke nan a birnin Huston na jihar Teksas, kuma a duk tsawon zaman nan ban taɓa jin kunya irin wadda na ji ranar Babbar Sallar 2024 ba, a tsakiyar watan Yuni, a bayan gidana, gaban baƙi kusan ashirin. Abin da ya jawo mini ita kuwa itacen gashi ne, abin da a gida yaro ake aika ya sayo a bakin layi ba tare da an yi masa wani dogon bayani ba.

Mutanen Teksas ba su ɗauki gashin nama da wasa ba, sai dai nasu ya fi kusa da banda a kan tsire ko balangu. Ƙirjin sa sukutum suke ɗorawa nesa da wuta, a zafin wajen digiri 225 a ma'auninsu, wato kusan 107 a namu, su bar hayaƙi yana ratsa shi awa goma sha biyu ko fiye, har ya yi laushin da za a yage shi da yatsa. Murhun da ya yaɗu a gidaje yanzu kamar ganga yake a kwance, da wani ɗan rumbu a gefensa inda ake zuba makamashin. Wani ƙarfe mai murɗiya, irin na cikin injin markaɗe, shi ke tura makamashin kaɗan-kaɗan zuwa wani ɗan kasko, wani ƙarfen da lantarki ke gasawa ya kunna shi, fanka ta hura, na'ura kuma ta riƙe zafin a inda ka ajiye shi ko kana barci. Wani mutumin jihar Oregon mai suna Joe Traeger ne ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajistar mallaka a shekarun 1980, kuma da wa'adin rajistar ya cika sai kamfanoni suka yi caa a kan sana'ar.

Wannan murhu ba ya cin gawayi, ba ya cin faskare. Abincinsa wasu ƙwayoyin itace ne da suke kira felet: garin katako ne ake busarwa, a matsa shi da ƙarfin inji ta cikin ƙananan ramuka, zafin matsin ya narkar da danƙon da Allah ya halitta a jikin itacen ya haɗe shi, ya fito kamar taliya mai kaurin milimita 6, a gutsuttsura. Wanda ya taɓa kiwon kifi zai rantse abincin tarwaɗa ne.

Na sayi nawa murhun na hannu a wajen wani abokin aiki da zai tashi, ya haɗa mini da guntun felet a bokiti, na yi ta gasa kaji da shi ban taɓa tambayar ko na wane itace ba ne. Da Sallah ta ƙarato bokitin ya ƙare, na shiga kanti na tarar buhu mai laba 20, wajen kilo tara, ana sayar da shi dala 18. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ni ɗan Kano ne, na san tulin garin katakon da ke Na'ibawa, na kuma san yadda iyayenmu mata suka riƙa ɗura shi a murhu lokacin wahalar kananzir a shekarun 1990 ba tare da sun biya abin kirki ba. Na fito ban saya ba. Bayan kwana biyu, a hanyata ta dawowa daga gonar da na biya kuɗin rago, na tsaya a wani kantin kayan manoma, sai ga buhuna jibge masu laba 40 a kan dala 7, ƙwayoyin ciki kuwa ba su da maraba da waɗancan a ido. Akwai hoton doki a jikin buhun, na ɗauka tambarin kamfani ne, kamar yadda muke da shinkafa da ashana masu hoton dabbobi. Na ɗauki biyu. Matar da ke karɓar kuɗi ta tambaye ni wani abu da karin harshen Teksas wanda har yau bai gama zama mini a kunne ba, na ce mata e, na fito ina yaba wa kaina wayo.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi an yanka a gona, na ɗora cinyoyin ragon biyu da na turmushe da yajin da aka aiko mini daga gida, na rufe murfi. Tun a awar farko warin hayaƙin bai kwanta mini ba, domin ya fi kama da shagon kafinta ranar da ake shafa wa sabon kabad mai, amma na danne zuciyata. Da la'asar, baƙi sun cika, maƙwabcina, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga aikin matatar mai, ya leƙo ta kan shinge don ya yi mana barka, idonsa ya faɗa kan buhun. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce cikin ladabi: "Maƙwabci, yaushe ka sayi doki?" Da ya ga ban gane ba, ya shigo ya nuna mini rubutun da ke ƙarƙashin hoton, wanda ban taɓa tsayawa na karanta ba. Shimfiɗar barga ce. Itacen fayin ne aka dunƙula domin a baza a ƙarƙashin dawaki ya tsotse fitsari, masu kyanwa ma suna saye don wannan buƙata. Nan take na gane cewa tambayar da matar kantin ta yi mini a kan dawakina ce.

Fayin itace ne mai ƙaro da yawa, hayaƙinsa yana barin baƙin kunkunniya da ɗaci a jikin nama, kuma wanda ya haɗa shi don barga bai yi wa kowa alkawarin tsabtar da ta dace da abinci ba. Na yanki gefen cinyar na sa a baki, sai na ji kamar na tauna ɓawon itacen da aka jiƙa a fenti. Wani Alhaji mutumin Damagaram, wanda dama ba ya raga wa Kanawa, ya tashi tsaye ya sanar da jama'a cewa Bakano ya bi araha har ta kai shi barga, aka yi ta dariya har da ƙwalla. Maiɗakina ba ta ce uffan ba, ta shiga ta ɗora tukunyar suya da sauran naman, kuma shirun nata ya fi maganar Alhajin ciwo.

Asabar ɗin da ta biyo baya dattijon ya sa ni a motarsa. Muka fara mayar da buhun da ban buɗe ba, aka duba rasit, aka mayar mini da kuɗina a kan kati cikin minti biyu, ba a tambaye ni dalili ba, ba a kira ni mai rainin wayo ba. Na tuna ranar da na mayar da buhun gawayi a unguwarmu saboda kashi ɗaya cikin huɗu nasa ƙasa ce da tsakuwa, mai gawayin ya ce da ni ai ciniki ya faɗa, ya kuma tara mini jama'a.

Daga nan muka wuce shagon da ba a sayar da komai sai kayan gashi. Bango guda buhunan felet ne, kowanne da sunan itacensa, yaron shagon kuma bai tambaye ni nawa zan kashe ba, sai ya tambaye ni wane nama zan gasa. Ya ce owk shi ne na tsaka-tsaki, shi ne kuma abin alfaharin masu gashin tsakiyar Teksas. Hikori ya fi shi ƙarfi. Fikan ɗan uwan hikori ne amma ya fi shi sanyin hali. Tuffa da ceri na kaji ne da kifi, ceri har wani jan launi yake ba fata. Meskit kuwa, wanda ya cika dajin kudanci da yammacin jihar, shi ne mai zafin rai, ya dace da gashi na ɗan lokaci, idan aka daɗe da shi sai ya koma ɗaci. Da na ce rago ne, ya ba ni owk haɗe da ceri. Na shaƙi buhun meskit don son sani, sai ƙirjina ya buga, domin ƙamshin maƙerar unguwarmu na ji. Ashe masana tsirrai sun daɗe suna lissafa shi dangi guda da ƙiryarmu, wadda maƙera ba sa haɗa gawayinta da na kowane itace.

Kada mai karatu ya zaci 'yan kasuwar nan waliyyai ne. Dattijon ya koya mini juya buhu in karanta bayansa, domin da yawa daga waɗanda aka rubuta hikori ko tuffa da manyan baƙaƙe a gabansu, mafi yawan abin da ke ciki owk ne ko alda masu arha, itacen da aka ambata ɗan kaɗan ne, wasu ma man ƙamshi ake ɗiga musu. Algus ne shi ma, sai dai algus ne mai sanye da kwat. Wanda ke son zalla sai ya nemi buhun da ya faɗi ƙarara cewa ɗari bisa ɗari itacen nan ne, ya kuma shirya ƙarin kuɗi. Ya nuna mini yadda ake ɗaga buhu a duba gindinsa, in gari ya taru to ya sha jifa ko ya sha raɓa. Ƙwaya mai kyau tana sheƙi, tana karyewa ƙas a tsakanin yatsu, kuma tokarta kaɗan ce. Ya ce in lissafa laba ɗaya zuwa biyu a kowace awa idan wutar ƙasa-ƙasa ce, ke nan dogon gashi ɗaya yana iya lashe mafi yawan buhu, abin da har yanzu yake sosa mini rai duk ranar da na zo biya.

Babban abokin gabar felet shi ne laima, Huston kuwa gari ne da iskarsa kanta jiƙaƙƙiya ce. Na bar ragowar sabon buhun a buɗe a gareji, na kuma bar wasu a cikin rumbun murhun. Ranar 8 ga Yuli guguwar Beryl ta afka wa birnin, gidaje da shaguna sama da miliyan biyu suka rasa wuta, mu ma muka yi kwanaki a duhu. Naman layyar da ya rage ya fara narkewa a firiza, ga murhun gashi na ɗaruruwan daloli a tsaye ba ya ko tari, tun da ba ya motsi sai da lantarki. Da wutar ta dawo ma bai tashi ba, domin ƙwayoyin sun sha laima sun kumbura, sun koma gari, sannan sun daskare a jikin ƙarfen murɗiyar kamar siminti, sai da na kwance shi na yi yini ina ƙwaƙula da sukundireba. A kwanakin duhun nan bulo huɗu na jera, na ɗora waya, na hura gawayi da murfin kwali, na yi balangun da dattijon ya ci ya nemi ƙari. Yanzu a bokiti mai murfin roba nake ajiye felet, ba na kuma barin ko ƙwaya a murhu idan na gama.

Gaskiyar da ba na faɗa wa dattijon ita ce, duk da wannan tsari, hayaƙin felet siriri ne, wutar tana ci da tsabta fiye da kima, kuma ban taɓa fitar da naman da ya kamo ƙafar na tsohon mai tukubar bakin layinmu ba. Shi wannan tsoho bai san digiri ba, tafin hannu yake miƙawa ya auna wuta, amma marke da ƙirya yake nema, kuma na taɓa ganin ya kori mai amalanke da ya kawo masa darbejiya, ya ce ba zai sa wa naman mutane ɗaci ba. Ilimin nan muna da shi tun kafin a haifi Joe Traeger. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muka sake shi. A zuwana gida na ƙarshe na ga mai tsire yana tayar da wuta da leda da kananzir, na ga wani yana cusa ɓallen tsohuwar ƙofa mai fenti a ƙarƙashin nama, na kuma ga ana babbake kai da ƙafa da tayar mota, baƙin hayaƙi ya turnuƙe unguwa, masu saye suna tsaye a layi. A cikinmu akwai likitoci da malaman jami'a, amma babu wanda ya tambayi da wane itace aka gasa. Yawan yaji da ƙarin albasa kawai muke jayayya a kai. Ni da na ci irin wannan naman shekara da shekaru ban ce komai ba, ba ni da bakin yi wa kaina kuka don na ɗanɗana fayin sau ɗaya.

Na yi wa ƙanena waya na ce ya je wajen ɗan tsohon nan, wanda ya gaji tukubar, ya tambaye shi itacen da yake amfani da shi yanzu. Ya dawo ya ce mini mutumin ya yi dariya, ya ce marke ya yi tsada kuma ya yi nisa, duk abin da mota ta sauke shi yake saye. Ragowar buhun mai hoton doki kuwa 'yar dattijon ta ɗauka don kyanwarta, Alhajin Damagaram kuma duk Juma'ar da muka haɗu a masallaci, bayan ya tambayi iyali, sai ya tambayi lafiyar dawaki.